Amsa ga malamar kemistiri: haɗa na'urar kaɗa ruwan gwaji da fankar kwamfuta da maganaɗisu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kemistiri ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin birnin Kano. Ba mu da na'urar nan mai kaɗa ruwan gwaji da maganaɗisu, kuma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin abin da ake ware mana na lab. An ce mini ana iya haɗa ta da fankar tsohuwar kwamfuta. Shin za ta yi aikin kirki ko wasan yara ne kawai? Kuma za a iya sa mata abin dumama ruwa kamar ta kanti?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan himma, ya kuma yi wa yaran albarka. Gaskiya aka gaya miki. Ana haɗa ta, kuma idan an haɗa da natsuwa za ta ɗauke miki mafi yawan aikin da lab ɗin sakandare ke buƙata: narkar da gishirin sinadarai, gauraya asid ko alkali da aka riga aka sirka da ruwa, da taitireshan, wato awon da ake ɗiga asid cikin alkali digo-digo har launi ya sauya. Kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje da gyaransu shi ne sana'ata, saboda haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Tambayarki ta biyu kuwa, ta abin dumamawa, amsarta a'a ce, zan faɗi dalili idan mun zo wurin.

Aikin maburgi na'urar take yi. Maburgi hannu ke murza shi daga sama, ƙasansa na juyawa a cikin miya. A nan an cire itacen da ya haɗa hannu da miya, ƙarfin maganaɗisu ya maye gurbinsa. Ana jefa wata gajeriyar sandar maganaɗisu a cikin bika, wato kofin gilashi na gwaji, a ƙarƙashin bikar kuma akwai wani maganaɗisun da motar lantarki ke juyawa. Na ƙasa ya kama ta sama ta cikin gilashi, duk inda ya juya ta bi shi. Shi ke nan. Amma a wannan kamun ne aikin gaba ɗaya yake. Fanka da waya da akwati duk mai gyaran rediyo zai haɗa miki su cikin yini ɗaya. Na'urorin da nake gani sun ƙi aiki, kusan dukkansu fankarsu lafiya lau take juyawa, sai dai sandar da ke cikin ruwan tana ta tsalle tana bugun gilashi, domin wanda ya haɗa ya fara da fanka, ya manna maganaɗisu inda ya ga dama, sannan daga baya ya je neman sanda. Ke ki juya tsarin. Ki fara mallakar sandar, sannan ki auna duk sauran abubuwa da ita.

Sandar ita ce abu ɗaya da zan ce lallai ki saya, kada ki ƙera. Ki je wurin masu sayar da kayan lab da sinadarai a Sabon Gari, ki ce sandar Teflon ta magnetik sitira kike nema, mai tsawon milimita 25. Ki ɗauki biyu ko uku masu tsawo ɗaya, domin ɓacewa suke yi. Wannan tsawo ya dace da bika ko fulas na mililita 250 har zuwa 500, waɗanda su ne kayan aikinki na kullum. Idan kin samu mai ɗan zobe a tsakiya, ta fi, saboda a kan zoben take juyawa, ba ta goga jikinta duka da gindin gilashi. Farin rufin da ke jikinta shi ne PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938. Asid ba ya cin sa, alkali ba ya cin sa, kuma yana jure zafi har wajen digiri 260. Rufin nan ba ado ba ne. Arthur Rosinger, mutumin jihar Niyu Jasi ta Amurka da ya sami haƙƙin mallakar wannan na'ura a 1944, tun a takardarsa ya yi bayanin cewa maganaɗisun da za a jefa cikin ruwan sai an lulluɓe shi da abin da sinadari ba zai taɓa ba.

Za a ba ki shawara ki yanke ƙusa ki jefa. Ƙusa za ta juya, amma ke malamar kemistiri kin san abin da zai biyo baya: ƙarfe a cikin asid narkewa yake, ya cinye wani ɓangare na asid ɗin, ya zuba sinadarin ƙarfe cikin ruwan, sakamakon taitireshan ya tashi a banza. Idan dole ta yi, ana iya saka guntun ƙusa a cikin siririn bututun gilashi a narkar da bakinsa biyu da wutar Bunsen. Wannan zai yi don nuna wa yara yadda abin ke aiki, amma kamunsa da rauni tunda ƙusa ba maganaɗisu ba ce, kuma gilashin na iya fashewa cikin bika. Ni ba zan auna komai da irin wannan ba.

Sai maganaɗisun ƙasa. Na lasifika, baƙin nan mai zobe, bai dace ba: yana da nauyi, kuma fuskarsa ta sama gaba ɗaya ɓangare ɗaya ce, ko arewa ko kudu, alhali sandarki na buƙatar arewa a ƙarƙashin kanta ɗaya, kudu a ƙarƙashin ɗayan. Abin da kike nema shi ne na niyodimiyam, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ya fito duniya a 1984 kuma har yau babu maganaɗisun kasuwa da ya kai shi ƙarfi. Hanya biyu ce. Ko ki sami ƙanana guda biyu masu siffar kwabo, faɗin milimita 10 zuwa 12, kauri milimita 3, ko ki sa mai gyaran kwamfuta a Beirut Road ya buɗe miki mataccen had dis ya ciro lanƙwasasshen maganaɗisun da ke ciki. Na had dis yana da fa'ida ɗaya, rabin fuskarsa arewa ce rabi kudu, saboda haka guda ɗaya ya isa. Matsalarsa lanƙwasar nan: tsakiyar ƙarfinsa ba ta faɗa daidai da inda ido ke ganin tsakiyarsa ba, kuma nauyinsa ya karkata gefe guda, fanka ta riƙa rawa. Na fi son ƙananan biyun, domin da su ne kike da ikon zaɓar tazarar da ke tsakaninsu, kuma wannan tazara ita ce rabin nasarar aikin.

Ga yadda za ki same ta. Ki ajiye sandar Teflon a kan ɗan kwali, ki kawo maganaɗisun biyu ta ƙarƙashin kwalin, ɗaya a kowane kai. Da kansu za su nemi wurinsu, kuma da kansu za su juya ɗaya ya nuna arewa sama ɗaya ya nuna kudu. Ki sa musu alama da maka a fuskar da ta kalli sama don kada su rikice miki daga baya. Za ki ga tsakiyar kowanne ta tsaya ɗan ciki da ƙarshen sandar, domin ƙarfen da ke cikin Teflon bai kai rufinsa tsawo ba. Ga sanda mai milimita 25, tazarar tsakiya zuwa tsakiya takan kama wajen milimita 20. Idan kin matse su fiye da haka, sandar za ta riƙa lilo tana zamewa. Idan kin buɗa su da yawa, za ta zaɓi ɗaya ta manne masa ta riƙa zagaye bika a karkace. Shi ya sa na ce ki sayi sanduna masu tsawo ɗaya: na'urar da aka auna da sandar milimita 25 ba za ta riƙe ta milimita 40 da kyau ba.

Wata dabara da ba kowa ke yi ba, kuma tana da amfani sosai: kada ki manna maganaɗisun kai tsaye a kan roba. Ki ɗora su a kan ɗan faffaɗan ƙarfe, misali guntun zarton yankan ƙarfe da aka gutsure daidai tsawon da ake so, ko babbar wosha. Ƙarfen yana haɗa bayan maganaɗisun biyu, sai ƙarfinsu ya ƙaru ta sama inda kike buƙatarsa, ya ragu ta ƙasa inda zai dami motar fanka. Ban da haka, tunda suna manne wa ƙarfen da kansu, kina iya matsar da su ki gwada, ki sake matsarwa ki gwada, kafin ki sa gam.

Fanka kuwa ta bolt 12 ce, irin wadda ke cikin akwatin kwamfutar tebur ko cikin abin ba ta wuta, mai faɗin milimita 80. Ta milimita 120 ma za ta yi, kuma sau da yawa ta fi tafiya a hankali, wanda alheri ne a wannan aiki. Ki juya ta da yatsa ki ji ba ta karta ba ta ciza. Sannan ki yi mata gwaji ɗaya tun a shagon: a ba ta bolt 5 daga cajar waya ko fawa banki. Idan ta tashi da kanta ba tare da an tura ta ba, ki ɗauka. Dalili shi ne matsalar fankar kwamfuta a nan ba rashin gudu ba ce, yawan gudu ne. Ta milimita 80 a cikakkiyar wuta takan yi juyi dubu biyu ko fiye a minti ɗaya, alhali na'urorin kanti yawanci tsakanin juyi 100 ne zuwa 1,500, kuma aikin taitireshan 'yan ɗaruruwa yake so. Fankar da ba ta tashi sai da bolt 7 ko 8 za ta fizga da ƙarfi tun daga farko ta bar sandar a baya. Kada kuma a yanke mata fukafukai, ko da an ce miki zai ƙara mata ƙarfi. Iskar da suke turawa tana rage mata gudu, tana kuma sanyaya kayan wutar da ke cikin akwati, ga shi kuma yankan hannu ba ya taɓa yin daidai, sai ta kama girgiza.

Fankar tana da fuska biyu. Mai sitika ba ta juyawa. Ɗayar, inda cibiyar take a fili, ita za ta kalli sama. A cikin cibiyar nan akwai zoben maganaɗisun motar da wani ɗan firikwensin da ke gaya mata lokacin sauya wuta, saboda haka idan kin ɗora niyodimiyam kai tsaye, fankar na iya ƙin tashi sam ko ta riƙa ciccije. Ki sa wani abu mara ƙarfe a tsakani mai kaurin milimita 5 zuwa 10, murfin robar ruwa ya isa. Neman tsakiya kuma kada ki yi shi da ido. Ki kunna fankar, ki ɗora bakin fensir a hankali a kan cibiyar tana juyawa, zai zana miki da'ira wadda tsakiyarta ita ce ainihin tsakiyar juyi. Ki manna murfin, ki maimaita zanen a kansa, sannan ki ɗora ƙarfen da maganaɗisun yadda kowanne zai yi nisa ɗaya da tsakiya. Kuskuren milimita biyu a nan ya isa ya sa na'urar ta riƙa tafiya a kan benci. Gam ɗin da za ki yi amfani da shi Araldite ne, mai bututu biyu da ake gaurayawa, bayan kin karce wuraren da samfefa, ki bar shi ya kwana. Gam ɗin kyandir laushi yake a zafin Afrilu na Kano, ga kuma ɗumin mota a ƙarƙashinsa, sufa gulu kuma girgiza na fasa shi.

Akwati: ki nemi robar zuba abinci mai ƙarfi a Ƙofar Wambai, ki kifa ta, gindinta ya zama teburin da bika za ta zauna. Ki duba ƙasanta, idan kin ga lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku, ko haruffan PP, to ita ce, domin irin wannan roba tana jure yawancin abin da zai zube a kanta. Gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, ba ya lotsawa idan an ɗora lita guda na ruwa. Kafinta na iya yi miki na katako a rufe samansa da gilashin roba mai kaurin milimita 3, amma ki sani asiton yana ɓata shi. Saman kada ya zama kwano ko kowane ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, zai shanye ƙarfin kafin ya kai ga sanda. Alminiyam ma ki bar shi. Maganaɗisu ba ya kama shi, gaskiya ne, amma idan maganaɗisu na juyawa kusa da shi sai wata wuta ta riƙa zagaye a cikin ƙarfen tana ja da baya, kuma motar fanka ba ta da ƙarfin da za ta yi asararsa. Ki huda ramukan iska a gefe, ba a sama ba, ki lulluɓe su da ragar sauro saboda ƙurar hunturu.

Yanzu tazarar sama da ƙasa, wadda ita ce ɗaya rabin nasarar. Ki rataye fankar daga rufin akwatin da dogayen kusoshi huɗu masu zare, girman M4, kowanne da noti sama da ƙasan fankar. Ramukan fankar milimita 80 suna da tazarar milimita 71.5 tsakaninsu, na ta 120 kuwa milimita 105. Amfanin notin shi ne ki iya ɗaga fankar ko ki sauke ta kaɗan-kaɗan. Ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai idan aka yi nisa, ba kamar yadda hankali ke zato ba, ƙarin 'yan milimita kan mayar da kamu mai ƙarfi ya zama ba komai. Ki fara da barin milimita 2 ko 3 tsakanin maganaɗisun da rufin, yadda idan an haɗa da kaurin roba da gindin gilashi nisan zuwa sanda ba zai wuce milimita 10 ba. Kusanci da yawa ma yana da illarsa: sandar za ta danne gindin bika ta yi nauyin juyawa, ita ma cibiyar fankar a jawo ta sama har ta fara gogar rufi. Idan kin ji karta, ki sauke ta juyi ɗaya na noti a kowace kusurwa. Kan kusoshin da suka fito sama ki shafe su da silikon don kada ruwa ya bi ta nan ya sauka.

Batun wuta da sarrafa gudu. Mafi sauƙi duka shi ne ki bar fankar a kan cajar waya ta bolt 5 da makunni kawai. Gudu ɗaya ne, amma sau da yawa ya yi daidai da bikar mililita 250, kuma fawa banki zai riƙe ta idan an ɗauke wuta ana tsakiyar darasi. Idan kina son ki riƙa ƙarawa da ragewa, kada a jona abin murɗa muryar rediyo kai tsaye a kan wayar fanka. An yi shi ne don 'yar ƙaramar wuta, zai yi zafi ya ƙone. Ki nemi LM317 wurin masu kayan gyaran lantarki a Sabon Gari, abu ne mai ƙafa uku mai araha da ke daidaita ƙarfin wuta. Idan rubutunsa na kallonki ƙafafun na ƙasa, ta hagu ita ce ta daidaitawa, ta tsakiya ta fitar wuta, ta dama ta shigar wuta. A sa resista mai om 240 tsakanin ƙafar fita da ta daidaitawa. Daga ta daidaitawa zuwa baƙar waya (−) a jera resista mai om 680 da abin murɗawa mai om 1,000. Lissafinsa ki ba 'yan aji biyu na babbar sakandare su yi miki: a raba jimlar resistan ƙasa da 240, a ƙara 1, a ninka da 1.25. Zai ba da bolt 4.8 a ƙasa, bolt 10 a sama. Resistan om 680 ɗin na sa shi ne don kada rabin murɗawar ya tafi a banza a wurin da fanka ba ta ma motsi. A ɗaura wa LM317 ɗan faifan alminiyam na shan zafi, a kuma tuna cewa bayansa na ƙarfe a haɗe yake da ƙafar fita, kada ya taɓa wata waya. Kafasita mai maikirofarad 0.1 a mashiga da mai 1 a mafita suna kwantar da wutar. Akwai kuma ƙananan allunan sarrafa gudun mota, waɗanda ake kira PWM, da ake sayarwa a haɗe, suna aiki, sai dai wasu fankoki masu waya biyu kan yi ƙara da su a ƙaramin gudu.

Adaftar bolt 12 ta tsohuwar dikoda ko rawuta ta wadatar, tunda fankar ba ta cika jan abin da ya wuce amfiya 0.3 ba, kuma a rubuce yake a sitikarta. Ki auna da mita ki tabbatar wace waya ce ja (+) wace ce baƙa (−) kafin ki jona, domin juya su na iya kashe fankar nan take. Idan makarantarku na da batirin sola na bolt 12, shi ma zai yi, amma a sa fis na amfiya 1 kusa da batirin. Adaftar ta zauna a bango nesa da benci. Wutar bolt 230 kada ta shiga cikin akwatin nan ko kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga dumamawa. Na san abin da ake tunani: a ciro zaren wuta na dutsen guga ko na hita a shimfiɗa a saman. Malama, don Allah kada ki yarda a yi wannan, ko wa ya ce zai iya. Na farko, wuta ce ta bolt 230 a ƙarƙashin bikar ruwan gishiri, a akwatin da ba shi da wayar ƙasa, a gaban yara. Na biyu, niyodimiyam na yau da kullum yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa idan ya huce. Na uku, roba da gam da fankar kanta duk ba a yi su don zafi ba. Ta kanti tana da faranti na musamman, da abin tsare zafi tsakaninsa da mota, da abin yanke wuta idan zafi ya wuce kima, kuma kuɗinta na waɗannan ne. Idan kina buƙatar ruwa mai ɗumi, ki dafa shi daban, ki zuba a bika, ki shimfiɗa siririn kwali a ƙarƙashi, ki kaɗa na 'yan mintuna. Ki tuna wasu abubuwan da kansu suke kawo zafi. Gram 40 na sodiyam haidiroksaid a lita guda zai ɗumama ruwan, mai kauri fiye da haka kuma zafi sosai yake yi, don haka ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ya riga ya fara juyawa. Sirka asid mai ƙarfi kuwa ki yi shi yadda kika saba, asid cikin ruwa, ke da kanki, ba a kan wannan akwati ba.

Akwai sauran abin da ba za ta yi ba. Ruwa mai kauri, irin sabulun ruwa da ake koya wa ɗalibai haɗawa, ya fi ƙarfinta, sandar za ta kuɓuce ta tsaya cik. Wannan ko ta kanti ba ta yi, aikin mota mai doguwar sanda ce daga sama. Fiye da lita guda ma kada ki sa rai sosai. Abubuwa masu kama wuta kamar fetur da sinadarin ita (ether) da asiton ki nisanta su. Motar fanka ba ta da burushin da ke tartsatsi, wanda ya sa ta fi motar kayan wasan yara aminci, amma makunni da mahaɗar waya suna iya yi.

Wajen aiki, ki ɗora bika a tsakiya na'urar na kashe, ki ji sandar ta faɗa wurinta, sannan ki kunna daga ƙaramin gudu ki riƙa ƙarawa a hankali. Yana da kyau ki zana da'ira a saman akwatin don yara su san inda za su ajiye. Idan sandar ta kuɓuce ta fara tsalle, ƙara gudu ba ya dawo da ita, ki kashe, ki jira fankar ta tsaya, ki sake farawa. Gindin mazubi ya zama shimfiɗaɗɗe, kwalba mai tudu a ciki ba ta riƙe sanda. A taitireshan yara za su so ganin rami mai zurfi a tsakiyar ruwa, ki hana su. Ramin nan iska yake jawowa ciki, iskar kuma na ɗauke da kabon dayoksaid da alkali ke sha, ga fantsama a jikin fulas. Ɗan lotsawa kaɗan a saman ruwa ya isa. Ki sa farar takarda a ƙarƙashin fulas don a ga sauyin launin metil oranj ko fenolftalin da kyau, ba tayil mai kauri ba, domin zai ƙara nisa. Kuma ina roƙonki kada na'urar ta hana su koyon kaɗa fulas da hannu ɗaya suna riƙe da famfon biret, wato bututun da ke ɗigo da ruwan, da ɗayan, tunda a jarrabawar WAEC da NECO da hannunsu za su yi. Ki bar ta don shirya ruwan gwaji da yawa kafin darasi, da nuni a gaban aji, da aikin mitar pH idan kuna da ita, inda za ki ɗaga bakin mitar sama da inda sandar ke juyawa don kada ta fasa shi.

Sandar tana son kulawa fiye da yadda ake ba ta. Kafin a zubar da ruwa a sinki, a kama ta da wani maganaɗisu ta bayan gilashi a jawo ta sama, in ba haka ba magudana za ta tafi da ita. A wanke ta, a ɗauraye da ruwan distil, a ajiye ta cikin rufaffiyar roba, saboda ƙurar garin nan na ɗauke da garin ƙarfe da ke manne mata. Idan ta karce ko ta yi baƙi-baƙi, ki ware ta don aikin da ba na awo ba. A 2019 wasu masana kemistiri a Mosko ta ƙasar Rasha sun nuna cewa tsofaffin sandunan Teflon na riƙe ɓurɓushin ƙarafa a cikin kartar jikinsu, har su shafi gwajin da aka yi da su daga baya. Su kuma ƙananan maganaɗisun niyodimiyam, ki ƙirga su kafin aiki da bayan aiki. Suna matse fata, suna fashewa idan suka haɗu da ƙarfi, kuma idan ƙaramin yaro ya haɗiye guda biyu suna iya kama juna ta cikin hanji su huda shi, wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Kada ɗaliba ta tafi da su gida, kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kada ya kusance su.

Ki sa ɗalibai cikin haɗawar tun daga farko, har liƙin dalma, kina tsaye a kansu. Idan fankarku mai waya uku ce, akwai ƙarin darasi a ciki. Ta ukun, wadda yawanci rawaya ce, tana ba da bugu biyu a kowane juyi. A haɗa ta da jar waya ta resista mai om 10,000, a auna ta da mitar da ke karanta Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa ɗaya, a ninka abin da ya fito da 30, shi ne juyi a minti ɗaya. Idan mita ta nuna 20, juyi 600 ke nan. Da haka za su iya rubuta lambobi a kewayen abin murɗawar, amma su yi awon da bikar ruwa da sanda a kai, domin gudun fanka ba kaya daban yake da gudunta da kaya.

Kafin ki amince mata da sinadari, ki cika bikar mililita 500 da ruwan famfo, ki ɗiga tawada digo ɗaya a gefe, ki ga ta bazu ko'ina cikin 'yan daƙiƙu ba tare da sandar ta yi tsalle ba. Sannan ki bar ta tana juyawa awa guda cur. Bayan awar ki taɓa faifan LM317 da saman akwatin, ɗumi ba laifi, amma idan yatsa ba ya iya zama a kan faifan to a sa wanda ya fi shi girma. Ki duba notin ko sun kwance, ki duba gam ɗin ko ya tsage, ki kuma ga ko akwatin ya gusa daga inda kika ajiye shi. Idan ya gusa, ki liƙa masa guntayen robar silifa a ƙafafu huɗu, ki sake duba tsakiyar maganaɗisun da fensir.